Sarki Alfared na Weseks (849-899) da Salsalar Kakanninsa

GABATARWA

A cikin dukkan sarakunan da suka yi mulki a ƙasar Ingila kafin zuwan Normawa a shekara ta 1066, babu wanda aka san labarin rayuwarsa kamar Alfared, Sarkin Weseks, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da Babba. Dalilin haka kuwa shi ne, tun yana da rai wani malamin fadarsa mai suna Asar ya rubuta tarihinsa, kuma a zamaninsa ne aka fara harhaɗa littafin nan da ake kira Kundin Tarihin Angulo-Sakson. Kowane ɗaya daga cikin littattafan nan biyu yana ɗauke da salsalar gidan sarkin, uba bayan uba, har zuwa kan Annabi Adamu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta ba da tarihin Alfared, sa'an nan ta auna wannan salsala, watau daga ina sunayen suka fito, kuma har zuwa kaka na nawa mai neman gaskiya zai iya sakin jiki da ita.

Angulo-Sakson dai su ne ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak, suka zauna a tsibirin Biritaniya cikin ƙarni na 5 da na 6, bayan da mulkin Rumawa ya kau daga can wajejen shekara ta 410. Da tafiya ta yi tafiya sai suka kafa masarautu da dama. Manya daga cikinsu su ne Notambiriya a arewa, da Marsiya a tsakiya, da Angiliya ta Gabas, da Kent a kudu maso gabas, da kuma Weseks a kudu maso yamma. Da fari masu bautar gumaka ne, babban abin bautarsu kuwa shi ne Woden, wanda har yau sunansa yake cikin sunan ranar Laraba a harshen Ingilishi. Rubutu irin na littafi bai shige su ba sai tare da addinin Kirista, bayan da Agustin ya sauka Kent a shekara ta 597. Saboda haka duk abin da ya auku kafin nan da ka aka riƙe shi, a bakin mawaƙa da dattawa.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alfared a wani gari da ake kira Wantej a shekara ta 849, bisa ga lissafin Asar. Mahaifinsa shi ne Sarki Atalwulf ɗan Sarki Egbat, mahaifiyarsa kuwa ita ce Osbur 'yar Oslak, wanda yake riƙe da muƙamin mai shayar da sarki a fada. Shi ne auta cikin maza biyar. Yayyensa su ne Atalstan, da Atalbald, da Atalbat, da Atalred. Da irin wannan layi a gabansa, ba wanda zai yi tsammanin sarauta za ta gangaro har kansa.

A shekara ta 853, yana ɗan shekara huɗu, mahaifinsa ya aika da shi birnin Rum wurin Paparoma Liyo na IV. Kundin Tarihi ya ce a can Paparoma ya shafa masa man sarauta. To, amma wata wasiƙar Paparoman da ta tsira ta nuna cewa tufafin girmamawa irin na manyan Rumawa kaɗai aka yafa masa. Da ma da wuya a naɗa yaro ƙarami sarki alhali yana da yayye uku a raye. A 855 ya sake komawa Rum tare da mahaifinsa. Kan hanyarsu ta dawowa a 856 Atalwulf ya auri Judit, 'yar Sarkin Faransawa, da ya iso gida kuwa sai ya tarar ɗansa Atalbald ya yi masa tawaye, har ta kai ga an raba ƙasar gida biyu tsakanin uba da ɗa. Tun yana ɗan shekara bakwai ke nan Alfared ya ga yadda rigimar gado takan tsaga gida.

Asar ya ba da labari cewa wata rana Osbur ta nuna wa 'ya'yanta wani littafin waƙoƙin Ingilishi, ta yi alkawarin ba da shi ga wanda ya riga haddace shi. Adon da aka yi wa harafin farko ya ja hankalin Alfared, ya kai littafin wurin malaminsa, ya haddace, ya ci kyautar. Ko da yake bai sami karatu mai zurfi yana yaro ba, ya tashi da son waƙoƙin jarumawan da, waɗanda a cikinsu ne ake jero sunayen kakanni.

Atalwulf ya rasu a 858. Daga nan sarauta ta bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗan taɓa ya wuce: Atalbald ya rasu a 860, Atalbat a 865, sa'an nan Atalred ya hau. A 868 Alfared ya auri Alswit, 'yar wani babban hakimi na Marsiya. Asar ya ce a wurin bikin ne wani ciwo mai tsanani ya kama shi, wanda bai rabu da shi ba har ya manyanta.

SARAUTARSA DA YAƘOƘINSA

A shekara ta 865 wata babbar rundunar mahara daga Danmak da maƙwabtanta, waɗanda ake kira Baikin, ta sauka a Angiliya ta Gabas. A da mahara sukan zo su kwashi ganima su koma. Wannan karo kuwa ƙasa suka zo ci. Suka ci birnin Yok a 866, suka kashe Edmund Sarkin Angiliya ta Gabas a 869, suka kori Burgred Sarkin Marsiya a 874, ya tafi Rum ya rasu a can. Cikin shekara goma manyan masarautu uku suka durƙushe, Weseks kaɗai ta rage a tsaye.

Maharan sun shiga Weseks a ƙarshen 870. A watan Janairu na 871 Atalred da Alfared suka yi nasara a kansu a Ashdan, amma bayan haka aka yi ta cin mutanen Weseks. Cikin watan Afrilu Atalred ya rasu, ya bar 'ya'ya maza biyu ƙanana, Atalhelm da Atalwold. Da yake yaƙi na ci, yaro ba zai iya riƙe ƙasa ba, sai sarauta ta faɗa hannun Alfared yana da kimanin shekara 22. Wata ɗaya bayan hawansa aka ci shi da yaƙi a Wiltan, dole ta sa ya nemi sulhu.

Mafi tsananin lokaci a rayuwarsa shi ne farkon shekara ta 878. A tsakiyar sanyin Janairu wani shugaban mahara mai suna Gutrum ya auka wa garin Cipenham ba zato ba tsammani. Mutane da yawa suka miƙa wuya, waɗansu suka ƙetare teku. Alfared ya gudu da 'yan mutane kaɗan zuwa cikin fadamun Somaset, ya yi sansani a wani tsibiri da ake kira Atalni. Sanannen labarin nan na cewa wata mata ta yi masa faɗa don ya bar wainarta ta ƙone, ba a rubuta shi ba sai kimanin shekara ɗari bayan rasuwarsa. A watan Mayu ya fito ya tara mayaƙan larduna uku, ya gwabza da Gutrum a Edintan, ya kore shi, ya kewaye sansaninsa har kwana goma sha huɗu. Gutrum ya saduda, ya karɓi baftisma tare da manyan mutanensa kimanin talatin, Alfared ya tsaya masa a matsayin uba.

Bayan wannan nasara sai ya shiga gyaran ƙasa. Ya gina garuruwa masu ganuwa kimanin 30, ya raba mayaƙa kashi biyu, rabi suna fagen fama rabi suna gona, daga baya kuma ya sa aka ƙera manyan jiragen ruwa. A 886 ya karɓi birnin Landan, ya damƙa shi ga hakimin Marsiya wanda ya auri 'yarsa Atalfiled. Daga wajejen wannan lokaci ne takardun fada suka fara kiransa Sarkin Angulo-Sakson. Wannan laƙabi yana nufin yana neman biyayyar mutanen da kakanninsu ba su taɓa bin gidansa ba.

HIDIMARSA GA ILMI

Alfared ya ɗauka cewa masifar da ta auka wa ƙasarsa horo ne daga Allah saboda sakaci da ilmi. A gabatarwar da ya yi wa fassarar wani littafin Paparoma Giregori kan aikin limamai, ya koka da cewa sa'ad da ya hau gado, 'yan kaɗan ne suka rage masu iya fahimtar Latin. Don haka ya tara malamai daga ko'ina: Pilegmund da Warfat daga Marsiya, Girimbald da Yohana daga ƙetaren teku, da kuma Asar daga ƙasar Wels. Asar ya ce a shekara ta 887 ne sarkin ya fara karanta Latin yana fassarawa da kansa. An jingina masa fassarar littattafai da dama zuwa tsohon Ingilishi, ko da yake masana na zamani suna jayayya kan yawan abin da ya fito daga hannunsa. Ya kuma tsara kundin dokoki, wanda ya buɗe da dokokin Annabi Musa, ya rufe da dokokin Sarki Ine, wanda ya mulki Weseks daga 688 zuwa 726.

Cikin wannan yanayi ne aka harhaɗa Kundin Tarihi wajejen 890 zuwa 892, mafi yawan masana kuwa suna ganin a fadarsa ne ko kusa da ita. Kofe mafi tsufa yana ajiye a Kambirij, kuma da salsala ya fara. Asar ma, wanda ya rubuta nasa littafin a 893, da salsala ya buɗe. Ana iya kasa wannan salsala kashi huɗu, domin kowane kashi da irin nauyinsa.

KASHI NA ƊAYA: DAGA ALFARED ZUWA INGILD

Salsalar ta ce Alfared ɗan Atalwulf ne, ɗan Egbat, ɗan Almund, ɗan Eyafa, ɗan Eyofa, ɗan Ingild, shi kuwa Ingild ɗan'uwan Sarki Ine ne. Babu shakka game da Atalwulf da Egbat, domin takardun kyautar ƙasa da kuɗaɗen da aka buga da sunayensu suna nan. Egbat ya yi gudun hijira zuwa ƙasar Faransawa, ya dawo ya hau gadon Weseks a 802, ya ci Marsiya da yaƙi a Elandun a 825. Matsalar tana farawa ne daga mahaifinsa. Akwai wata takarda ta shekara ta 784 mai ɗauke da sunan wani Almund yana sarauta a Kent, wani marubuci kuma na wajejen 1100 ya ƙara bayani a gefen wani kofen Kundin Tarihi cewa shi ne uban Egbat. Eyafa da Eyofa kuwa sunaye ne kurum a cikin jeri, ba wani aikin da aka san sun yi.

A kan wannan ne masana suka rabu. Heather Edwards tana ganin Egbat ɗan gidan sarautar Kent ne, aka ɗinka masa nasaba da Ine don a halatta mulkinsa a Weseks. Rory Naismith kuwa, a 2011, ya kare salsalar, yana ganin babu abin da zai hana ɗan sarautar Weseks ya sami mulki a Kent. Ko wanne aka bi, akwai abu ɗaya da salsalar kanta ta tabbatar: a cikin kakannin Egbat babu wanda ya yi sarautar Weseks tun bayan Cewlin, wanda Kundin ya ce ya mutu a 593. Watau gidan Alfared ya yi kimanin shekara 200 a waje da gado. Gida irin wannan kuwa ya fi kowa bukatar a riƙa tuna wa jama'a asalinsa.

KASHI NA BIYU: DAGA INGILD ZUWA CERDIK

A al'adar Weseks, wanda duk zai yi sarauta dole a ce jininsa yana komawa ga Cerdik, wanda ake ɗauka shi ne ya kafa masarautar. Sarakuna biyar da suka biyo bayan Ine a ƙarni na 8, jerin sarakunan da ke farkon Kundin bai faɗi iyayensu ba, cewa kawai ya yi tsatsonsu yana komawa ga Cerdik. Wannan ya nuna da'awar ita ce abin bukata, ko an iya jero kakannin ko ba a iya ba.

Inda aka jero su kuma, ba su jitu ba. Sarki Kinegils, wanda ya karɓi addinin Kirista wajejen 635, Kundin ya ba shi uba uku: a labarin 611 ɗan Ceyol ne, a na 676 ɗan Ceyolwulf, a na 688 kuwa ɗan Kutwine. Haka kuma waɗansu kofe sun ce Kinrik ɗan Cerdik ne, waɗansu kuma, har da Asar, sun sa wani Kiriyoda a tsakaninsu.

Labarin Cerdik kansa ma yana da rauni. Kundin ya ce ya sauka gaɓar kudu da jirage biyar a 495, sa'an nan ya sake cewa mutanen Weseks sun sauka a wuri ɗaya da jirage uku a 514, abin da ya yi kama da labari ɗaya da aka faɗa sau biyu. David Dumville ya tara shekarun mulkin da jerin sarakuna ya bai wa kowane sarki, ya lissafa da baya, sai ya ga farkon mulkin Cerdik ya faɗo a 538. Bugu da ƙari, sunan Cerdik ba na Jamusawa ba ne, na Biritaniyawan asali ne, kakannin mutanen Wels. Malam Beda, wanda ya gama rubuta tarihin cocin Ingila a 731, bai ambaci wani Cerdik na Weseks ba, wanda ya kira da wannan suna wani sarkin Biritaniyawa ne a arewa. Har ila yau, kaburbura da kayan da aka tono sun nuna cewa cibiyar mutanen Weseks ta farko tana can saman kogin Temis, inda aka kafa kujerar bishop ɗinsu na farko a Docesta. Gaɓar kudu da tsibirin Wait ƙasar ƙabilar Jut ce, Sarki Kadwalla ne ya ci tsibirin a 686.

Akwai kuma mutanen da alamu suka nuna daga sunayen wurare aka ƙago su. Kundin ya ce wani Port ya sauka a Potsmut a 501, alhali sunan garin daga kalmar Latin mai nufin tashar jiragen ruwa ya fito. Haka Witgar, wanda aka ce an ba shi tsibirin Wait tare da ɗan'uwansa Stuf, alhali tsibirin yana da sunansa tun zamanin Rumawa. Abin lura a nan shi ne, Asar ya ce Osbur, mahaifiyar Alfared, daga zuriyar Stuf da Witgar take. Ta haka sarkin ya zama jikan waɗanda suka kafa ƙasar ta wajen uba da ta wajen uwa.

KASHI NA UKU: DAGA CERDIK ZUWA WODEN

Kusan dukkan gidajen sarautar Angulo-Sakson sun ce daga Woden suka fito. Beda ya jero kakannin Hengist, wanda ake ɗauka shi ne tushen sarakunan Kent, zuwa Woden, ya kuma ce gidajen sarauta da yawa daga gare shi suke. Akwai wani tarin salsaloli na ƙarshen ƙarni na 8, wanda kofensa mafi tsufa yake Landan, da ya kai sarakunan Dera, da Barnishiya, da Marsiya, da Linzi, da Kent, da Angiliya ta Gabas duk zuwa Woden. Gidan Eseks ne ya bambanta, shi ya kai nasa ga wani abin bauta mai suna Saksnet. A salsalar Angiliya ta Gabas har an mai da Kaisar na Rum ɗan Woden. Weseks kuwa ba ta cikin wancan kofe mafi tsufa, a kofe na baya ne ta bayyana.

A shekara ta 1953 Kenneth Sisam ya gwada salsalar Weseks da ta Barnishiya, watau arewacin Notambiriya. Ta Barnishiya tana cewa Alok ɗan Benok, ɗan Birand, ɗan Baldag, ɗan Woden. Gajeruwar salsalar Weseks kuma tana cewa Cerdik ɗan Aluka, ɗan Gewis, ɗan Birand, ɗan Baldag, ɗan Woden. Bambancin suna ɗaya ne tak. Sisam ya yanke cewa mutanen Weseks sun ari ta Barnishiya ne, suka cire Benok suka sa Gewis, domin tsohon sunan ƙabilarsu shi ne Gewisi. Gewis ɗin kansa daga sunan ƙabilar aka ciro shi.

A cikin Kundin Tarihi wannan jeri ya ƙara tsawo, ya zama Elesa, Esla, Gewis, Wig, Firewine, Firitugar, Birand, Baldag. Firewine da Wig jarumawa ne na tatsuniyoyin Jamusawan arewa, har marubucin nan na Danmak, Sakso, ya ba da labarinsu wajejen 1200. Sauran ƙarin kuwa, duk wanda ya furta sunayen zai ji sun zo biyu-biyu da sauti ɗaya: Elesa da Esla, Firewine da Firitugar, Birand da Baldag. Tsohuwar waƙar Ingilishi a kan maimaita sautin farkon kalma aka gina ta. Wannan alama ce ta hannun mawaƙi, wanda ya jera sunaye don su yi daɗin rerawa a gaban sarki.

KASHI NA HUƊU: DAGA WODEN ZUWA ANNABI ADAMU

A wurin Beda, a 731, salsala a kan Woden ta tsaya. A tarin ƙarshen ƙarni na 8 an ba Woden kakanni har zuwa Geyat, wanda Asar ya ce arna sun daɗe suna bauta masa. A labarin shekara ta 855 na Kundin Tarihi kuwa an wuce Geyat, aka shigo da Beyaw, da Sheldwa, da Heremod, waɗanda irin sunayensu suke cikin waƙar Beyowulf a matsayin sarakunan Danmak na da. Daga nan aka haɗa jerin da Annabi Nuhu, aka ɗauko sauran sunayen daga Littafin Farawa na Baibul har zuwa Adamu. Littafin Farawa 'ya'ya uku ya ba Nuhu, saboda haka sai aka ƙago na huɗu aka ce a cikin jirgi aka haife shi. A nan ma kofe ba su jitu ba: ɗaya ya kira shi Hiratra, waɗansu Shef, Asar kuwa ya sa Set.

A bisa al'ada, duk sa'ad da zamani ya yi nisa, abin da ake tunawa raguwa yake yi. Wannan salsala kuwa ƙaruwa ta riƙa yi, marubucin 890 ya san kakanni fiye da marubucin 731. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ƙari ake yi mata. Ƙarin kuwa yana da manufa. Sarki Kirista ba zai so a ce kakansa gunki ne ba, amma kuma ba zai yar da darajar sunan Woden ba. Da aka ba Woden uba da kaka har zuwa Nuhu, sai ya zama mutum kamar kowa, gidan Weseks kuma ya sami gurbi a cikin tarihin duniya irin wanda coci take koyarwa.

RIGIMAR GADO DA RASUWARSA

Salsala ta tabbatar wa gidan Egbat sarauta, amma ba ta iya raba gardama a cikin gidan ba, domin 'ya'yan Atalred biyu kakanninsu ɗaya ne da Alfared, mahaifinsu kuma shi ne wa. Wasiyyar Alfared ta nuna cewa an yi ta gunaguni kan dukiyar gado, har ya kawo wasiyyar mahaifinsa gaban majalisar dattawa aka karanta, suka ba shi gaskiya. A cikin tasa wasiyyar ya bar wa ɗansa Edwad mafi yawan ƙasashensa, ya ba Atalhelm gandaye takwas, Atalwold kuwa uku. A nan ne amfanin labarin shafa mai a Rum yake fitowa, domin shi ne ya ware Alfared daga cikin 'yan'uwansa, ya nuna shi a matsayin wanda aka zaɓa tun yana yaro.

Wata rundunar mahara ta sake dawowa a 892, aka yi ta fafatawa har 896, amma garuruwa masu ganuwa suka hana ta sakat, ta watse. Alfared ya rasu ran 26 ga Oktoba, 899, yana da kimanin shekara 50, aka binne shi a Wincesta. Nan da nan Atalwold ya yi tawaye, ya kama garin Wimbon inda kabarin mahaifinsa yake, daga bisani ya gudu Notambiriya inda mutanen Danmak suka karɓe shi a matsayin sarki. An kashe shi a yaƙin Holm a 902, sarauta ta tabbata ga Edwad. Jikan Alfared, Atalstan ɗan Edwad, shi ne ya haɗe Ingila ƙarƙashin sarki ɗaya a 927. Zuriyar Atalred ba ta ƙare ba. Wani jikansa mai suna Atalwad ya rubuta tarihi da Latin a ƙarshen ƙarni na 10, shi kuwa a kan Shef ya tsayar da salsalar, ya ce yaro ne da ya zo cikin kwalekwale, bai ambaci Nuhu ba.

An mayar da ƙasusuwan Alfared gidan ibada na Haid a 1110. An rushe gidan a zamanin Sarki Henri na VIII, a 1788 kuma masu gina kurkuku a wurin suka warwatsa abin da ya rage. Kofe ɗaya tak na littafin Asar da ya tsira tun zamanin da, shi ma ya ƙone a gobarar 1731, sai abin da aka kwafa daga gare shi kafin nan.

KAMMALAWA

Idan aka auna salsalar Alfared, za a ga tabbatacciya ce har zuwa kakansa Egbat. Daga Almund zuwa Ingild mai yiwuwa ce, amma ana jayayya a kanta. Daga Ingild zuwa Cerdik akwai mutane na gaske, sai dai an yi ta sauya dangantakarsu don kowa ya koma tushe ɗaya. Daga Cerdik zuwa sama kuwa aikin mawaƙa ne da malaman coci. Duk da haka ba abar yarwa ba ce, domin tana bayyana abin da fadar Weseks take so a gaskata a ƙarshen ƙarni na 9, da kuma abin da take tsoro. Sauran gidajen da suke alfahari da Woden sun riga sun faɗi, gidan Alfared ne ya rage, kuma shi ne ya riƙe alƙalami. Mai nazarin kowace salsalar sarauta ya kamata ya fara da tambaya uku: yaushe aka rubuta ta, a fadar wa, kuma wane ne yake neman gado a lokacin.